Ta yaya alamar rubutu za ta tsaya daidai inda aka danna a Qt?

Ɗalibin Manhaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gina wata manhajar kwamfuta da Qt 6, wato tarin kayan aikin gina manhajoji, inda sunayen fayiloli suke bayyana a cikin QLabel, mai nuna rubutu kawai, idan kuma mutum ya danna suna da linzami sai QLineEdit, wato akwatin gyara rubutu mai layi ɗaya, ya maye gurbinsa domin a gyara. Damuwata ita ce alamar rubutu, wato ɗan layin nan mai ƙiftawa, tana tsallakewa zuwa ƙarshen sunan maimakon ta tsaya tsakanin haruffan da aka danna. Shin zan iya raba nisan wurin dannawa da faɗin harafi ɗaya in samu matsayin?

Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Wannan lissafin ba zai kai ka ba, domin a yawancin salon haruffa faɗin "i" bai kai na "m" ba, kuma kuskuren ƙaruwa yake yi gwargwadon tsawon sunan. Tsallakewar da kake gani kuwa aikin setText ne, wato umarnin da ke saka rubutu a akwatin, wanda bisa ƙa'idarsa yake mayar da alamar zuwa ƙarshen layi. Abin yi shi ne ka ajiye wurin da aka danna, ka juya shi zuwa matsayinsa a kan allo gaba ɗaya da mapToGlobal, sannan bayan akwatin gyaran ya bayyana ka dawo da shi zuwa matsayinsa a cikin akwatin da mapFromGlobal, ka miƙa wa cursorPositionAt, mai gano matsayin alamar a wannan wuri, lambar da ya ba ka kuma ka saka ta a setCursorPosition. Idan akwatin bai gama samun girmansa ba, ka jinkirta wannan mataki da QTimer::singleShot mai lokacin jira sifili. Ka kuma kira setFocus, mai sa akwatin ya fara karɓar rubutu, da Qt::MouseFocusReason, wato dalilin danna linzami, saboda idan dalilin maɓallin Tab ne, rubutun gaba ɗaya ake zaɓa.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta ta amsa:

Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai a ganina abubuwa biyu da suke musanya juna wahala ce da ba dole ba, tunda tilas salon haruffansu da tazarar gefensu su zo ɗaya, in ba haka ba alamar za ta kauce da harafi ɗaya ko biyu. Ka yi amfani da QLineEdit guda ɗaya, ka cire masa iyaka da setFrame(false), ka bar shi a setReadOnly(true), wato na karantawa kawai, idan an danna ka buɗe shi don gyara kafin ka miƙa dannawar ga ainihin mousePressEvent, mai karɓar danna linzami, shi da kansa zai ajiye alamar. Wannan ya fi muhimmanci idan za a rubuta sunaye da ajami, inda rubutu yake tafiya daga dama zuwa hagu, haruffa suke sauya siffa idan sun haɗu, wasula kuma ba su da faɗin kansu.

Injiniya ya ƙara da cewa:

Na yarda da Malama, musamman idan kana gutsure dogayen sunaye da elidedText, mai saka ɗige-ɗige (…) a madadin ɓangaren da aka yanke. A nan abin da ke kan allo ba shi ne cikakken sunan ba, don haka dannawar da ta faɗa kan ɗige-ɗigen ba ta da harafin da ya dace da ita, sai dai ka kai alamar zuwa ƙarshen sunan.