Rashin ruwa a makaranta da fashin ƴan mata a lokacin al'ada

Malama Rabi, Garin Malam:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata CEG, wato ƙaramar sakandare, a nan Damagaram, kuma kowane wata ɗalibai mata sukan ɗauke ƙafa kwana biyu ko uku, su dawo su ce zazzaɓi ne, alhali mun san jinin al'ada ne. Makewayinmu ba shi da ƙyaure, ko buta babu a cikinsa. Iyayena da ƴan'uwana malamai, ta ina ya kamata a fara, ruwa ko audugar mata?

Malam Sani, Birni:
Wa alaikumus salam. Malama, ruwa ne kan gaba. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da ƴan BEPC ke haramar jarrabawar kammala CEG, famfo yakan kwana ya wuni bai ɗiga ba. Yarinyar da ta yi sammako bin layin jarka, sannan ta tarar babu abin tsarki a makaranta, ai ba za a ga laifinta ba idan ta zauna gida.

Hajiya Mariyama, Zango:
Gaskiyarka, Malam, amma akwai saura. Yawancin ƴaƴanmu ƙunzugu suke yi da tsohon zane, domin ba kowane gida ke iya sayen auduga duk wata ba. Saboda kunya sukan shanya shi a lungun ɗaki ko ƙarƙashin katifa, inda rana ba ta kai, su mayar da shi da danshinsa, daga nan sai ƙaiƙayi da wari. Wadda jini ya ɓata wa siket sau ɗaya a gaban maza, wallahi ba ƙaramin lallashi zai mayar da ita aji ba. Rabi ƴata, ki zauna da su ke kaɗai, ki gaya musu a wanke da sabulu, a shanya a rana.

Malam Isufu, Sabon Gari:
Tun a Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴa mace, to amma doka ba ta ɗora ƙyaure. Ki kai maganar gaban COGES, wato kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar uwayen ɗalibai, a ware makewayin mata da sakata daga ciki, a daidaita da mai garuwa ya riƙa cika randa kowace safiya, a kuma ajiye auduga da zane a hannun malama mace, domin yarinya ba za ta iya tambayar darakta irin wannan abu ba.