Amalanke na tafiyar hawainiya a wasan kwamfuta na Dwarf Fortress

Ɗan Fagge: Jama'a, na sassaƙa layin dogo daga ramin ƙarfe zuwa maƙera, amma amalanken sai rarrafe yake, ya tsaya a tsakiyar hanya. Ina mafita?

Uwar Ɗaki: Turin da wada, wato ma'aikacinka a wasan, ke yi ba ya kai nisa. Dasa rola, na'urar da ke ingiza amalanke, a kan layin, ka haɗa ta da injin ruwa ko na iska.

Bakatsine: Malam, gudun rola iyakarsa 50,000 a ma'aunin wasan. Gangare ya fi, ga shi kyauta. Sai dai ka gina bango a bayan kowace kwana, in ba haka ba amalanken zai sauka daga layi. Nawa ya taɓa murƙushe magina biyu da kyanwa.

Ɗan Fagge: Wayyo kyanwa! Zan gwada gangaren da dare, in an kawo wuta.