Me za mu kira "kadiyak rihab" da Hausa?

Jama'a ku taya ni, kalma nake nema.

Ranar da aka sallami mahaifinmu bayan ciwon zuciya ya kayar da shi, likita ya ce saura "kadiyak rihab". Baba ya juyo gare ni: "Mi yac ce?" Na buɗe baki na rasa Hausarta. Muna isa gida Mabera, Inna ta shimfiɗa masa katifa, ko buta ta hana shi ɗauka. Don ƙauna ta yi, amma ba abin da likita ya nufa ke nan ba.

Shiri ne na kamar mako 12, galibi sau 3 a mako. Mutum zai yi tattaki ko ya taka keken motsa jiki, ana auna bugun zuciyarsa da jininsa, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan. Ana koya masa shan magani a kan ƙa'ida, barin taba, da rage gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato bai cika cokalin shayi ba. Sannan a cire masa tsoro, don Baba da farko ko tari ya yi sai ya dafe ƙirji.

Na fara da "jinyar zuciya". Ban daɗe ba na ajiye ta, jinya kwanciya take kawowa a rai. "Farfaɗo da zuciya" kuwa ta wanda ya suma ce ana danna masa ƙirji. "Gyaran zuciya", wani zai ɗauka wa'azi ne, wani tiyata.

Wata gwaggona ta ce "jegon zuciya", kuma na yi kwanaki ina juya ta. Jego yana da adadin kwanaki, da abincinsa, da mai kula. Sai dai a ƙasar nan jego da zuciya suna da tarihi mai zafi. Wani bincike da aka yi nan Sakkwato, aka wallafa a 2007, ya gano raunin zuciya na lokacin haihuwa a mace 1 cikin haihuwa 102, kuma likitoci sun daɗe suna jan kunne kan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi. Ba zan so a ce wa mai ciwon zuciya "jego" a dama masa kanwa ba.

Inda na tsaya: rainon zuciya.

Mai raino ba ya barin yaro kwance. Zai riƙe hannunsa yana masa tata, yau taku biyu, gobe biyar, idonsa na kansa, har ya sake shi. Yayana ya ce dattijo zai ji an mai da shi yaro. Na ce, Yaya, ai zuciyar ake raino, kamar yadda muke cewa rainon ciki.

Na gwada ta a kan Inna. Ta yi shiru, can ta ce, "To a bar shi ya taka." Yanzu bayan asuba, kafin rana ta buɗe, ni da Baba mukan zaga unguwa minti 20, kamar yadda likita ya ƙayyade masa.

Ma'aikatan lafiya da ke nan, in kun faɗa wa majinyaci "rainon zuciya", zai gane? In kuna da wadda ta fi ta, ku kawo.