Ciwon kwatangwalo a karnuka: a yi barbara ko a haƙura?

Baban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Karyata Jaman Shefad ce, wata 14. Idan ta kwanta sai ta yi ta fama kafin ta miƙe, in tana gudu kuma ƙafafun baya tare take ɗaga su. Likita ya ɗauki hoton ƙashi ya ce gaɓar kwatangwalo ce ta saki, kan ƙashin cinya bai zauna daram a gurbinsa ba. Na so a yi mata barbara bana. Me kuke gani?

Alhaji na Bukuru: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka haƙura da barbarar nan. Abin gado ne. Kada ka sayar wa mutane kwiyakwiyan da za su tashi da ciwo.

Baban Hanifa: Alhaji, abin da ya ɗaure min kai shi ne na ga uwarta da ubanta da idona, garau suke, ba mai ɗingishi.

Dakta Maryam: Malam, ido ba ya gano wannan. Kare yana iya tafiya lafiya lau alhali gaɓarsa a sake take. Kuma ba ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo shi ba, suna da yawa, kowacce da ɗan abin da take ƙarawa. Uwa ta ba da nata, uba ya ba da nasa, sai su taru a jikin kwikwiyo guda su fi ƙarfinsa, ɗan uwansa na ciki ɗaya kuma ya tsira. Shi ya sa nake ce wa masu saye su tambayi labarin 'yan uwan iyayen, da kwiyakwiyan haihuwar baya. Kare mai matsakaiciyar gaɓa wanda danginsa duka lafiyayyu ne ya fi min mai kyakkyawar gaɓa da ya fito daga zuriyar masu ciwo.

Sani Rotwaila: Dakta, su takardun gwajin kwatangwalo da ake nuna mana na karnukan da aka shigo da su fa? Ni ba na gane su.

Dakta Maryam: Na Turai galibi tsarin FCI ne, wato ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, daga A zuwa E. A da B ka nema. Na Ingila maki ne, 0 zuwa 106, mafi ƙanƙanta shi ne mafi kyau. A Amurka akwai OFA, gidauniyar da ke tantance lafiyar ƙashin dabbobi, tun 1966 take, ba ta ba da shaidar ƙarshe sai kare ya cika shekara 2. PennHIP kuwa, wani tsarin gwajin na Amurka, tun daga mako 16 yake auna sakin gaɓar. Ka duba lambar karen ta yi daidai da ta takardar.

Hajiya Asabe: Ni shawarata kan abinci ce. Ana haihuwar kwiyakwiyai da gaɓa lafiyayya, a lokacin girma ne abin ke lalacewa. Mutanenmu suna son ganin kwikwiyo ya yi ɓul-ɓul, suna ɗura masa kalsiyam wai ƙashi ya yi ƙwari. Hakan cutarwa ce ga manyan karnuka. In ka shafa gefensa ba ka ji haƙarƙari ba, abinci ya yi yawa.

Dakta Maryam: Gaskiyarki, Hajiya. An gwada a Amurka da karnukan Labrado 48, aka rage wa rabinsu kashi 25 cikin ɗari na abinci. Waɗanda aka rage wa sun fi samun lafiyar gaɓa, kuma sun fi daɗewa a duniya. Amma rage abinci ba ya cire abin daga jini, karyar da aka rena da kyau za ta iya gadar wa 'ya'yanta.

Alhaji na Bukuru: Ku kula da tayil ma, santsi yana wahalar da su. Ni ba na barin kwikwiyo ya hau bene kafin ya wuce wata 3.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai. Barbara dai na fasa. Zan iya ba ta maganin ciwon jiki na gida in ta matsu?

Dakta Maryam: A'a, don Allah kada ka ba ta ibuprofen ko diclofenac, suna lalata musu ciki da ƙoda. Akwai nasu, likitanka zai rubuta gwargwadon nauyinta. Ka riƙa fita da ita a hankali safe da yamma a kan ƙasa mai laushi, ban da tsalle. In kana kusa da Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi na ABU zai iya sake duba ta, a ga ko tana buƙatar tiyata.