'Yan Ajin 2015: Ina Kowa Ya Dosa Bayan Hidimar Ƙasa?

Mai kula da zaure, Asawase:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. An fi shekara goma da muka bar Jami'ar Kwame Nkrumah a nan Kumasi, kuma ƙannenmu da ke hidimar ƙasa yanzu suna yawan tambaya yadda muka samu aikin farko. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya same shi daga ranar da alawus ya tsaya, ba tare da ƙawata labari ba.

Injiniya, tsohon ɗan Katanga (ɗakin kwanan ɗalibai a jami'ar), Aboabo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni injiniyan injuna na karanta, kuma na yi zaton kamfanonin haƙar zinariya na Obuasi ko Tarkwa za su ɗauke ni da zarar na gama hidima, amma takardun neman aiki suka yi ta tafiya babu amsa. Daga ƙarshe kawuna ya kai ni Suame Magazine, babbar unguwar makanikai ta Kumasi, ya danƙa ni a hannun wani makanike wanda bai gama firamare ba, amma idan ya kasa kunne ga inji yana aiki zai gaya maka ciwonsa kafin a buɗe murfi. Mutanen unguwa sun yi ta magana, wai an kashe kuɗi a jami'a ga yaro ya dawo yana kwanciya ƙarƙashin mota da baƙin mai har gwiwar hannu. Abin da na kawo wa maigidana shi ne na'urar da ake haɗawa da kwamfutar mota ta nuna inda matsalar take, domin motocin da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema yanzu lantarki ya yi musu yawa. Shi ya koya mini aikin hannu, ni kuma na riƙe ɓangaren waya da kwamfuta. Yau ina da gareji nawa da yara masu koyon aiki, na yi aure, Allah ya ba mu 'ya mace.

Akanta, Madina, Akra:
Yaya Injiniya, barka da arziki. Tawa hanyar ta fara da daɗi, domin bankin da na yi wa hidima ya riƙe ni aiki, har gida aka fara kirana Hajiyar banki tun ban je Makka ba. Sai ga gyaran harkar bankuna, inda a watan Agustan 2018 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin bankuna biyar a rana ɗaya, aka rage ma'aikata a wurare da dama, ni ma ina cikin waɗanda aka sallama. Na shiga shirin NABCO, wanda gwamnati ta buɗe a wannan shekarar don ɗaukar masu digiri dubu ɗari, aka tura ni ɓangaren tara haraji a kan sidi 700 a wata. Kuɗin bai kai rabin albashina na da ba, amma da shi na riƙa biyan kuɗin jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAG, ina karatu bayan sallar asuba kafin in shiga layin tirotiro. Na kammala matakan jarrabawar, yanzu ni ke riƙe da lissafin wani kamfanin shigo da kaya. A ganina digiri kaɗai bai isa a fanninmu ba, kuma ina ba ƙannenmu shawara su yi rajistar jarrabawar tun suna hidima.

Malamin sakandare, Tamale:
Hajiya, shawararki tana da kyau ga wanda aljihunsa nasa ne shi kaɗai. Da yawa daga cikinmu mu ne na farko da suka shiga jami'a a gidajenmu, saboda haka alawus na shigowa, kuɗin makarantar ƙanne da maganin tsoho suna jiran sa. Ni na zaɓi koyarwa ne don albashin gwamnati ba ya yankewa, na yi difloma ta ilimi, na ci jarrabawar lasisin malamai da aka fara a 2018, sannan na yi jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata. Ban yi arziki ba, amma ƙannena biyu sun gama karatu a hannuna, kuma bana aka ba ni shugabancin sashen kimiyya.

Akanta, Madina, Akra:
Gaskiyarka, Malam, ni yayyena ne suka ɗauke mini nauyin gida a lokacin. Allah ya saka maka da alheri.

Mai digiri na uku, Jamus:
Ni tallafin karatu na DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, ya kawo ni, ina bincike kan tsabtace ruwan sha. Wasiƙar shaida daga malamin da ya duba aikina na shekarar ƙarshe ita ta buɗe mini ƙofa, don haka kada ɗalibi ya bar makaranta malamansa ba su san fuskarsa ba. Yaya Injiniya, ƙanena ya gama injiniyan lantarki a Jami'ar Fasaha ta Kumasi yana zaune a gida. Ko akwai gurbi a garejin?

Injiniya, Aboabo:
Akwai, Dakta. Ya zo ranar Litinin da ƙarfe bakwai, ya sa tsofaffin kaya da takalmi mai rufi.