An kashe ɗan sanda a unguwarmu, an tafi da ƙanena a madadin yayansa, yau kwana biyar

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin doka ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle. Daren Juma'ar da ta wuce wasu suka harbe ɗan sanda a shingen bakin titin unguwarmu nan Kaduna, suka gudu da bindigarsa. Allah Ya ji ƙansa, har gaisawa yake da Babanmu. Asubar Asabar motoci suka cika layi aka yi ta kame. Da suka shigo gidanmu ƙanena babba suke tambaya, mai tuƙa Keke, da ba su gan shi ba sai suka tasa autanmu gaba, ɗan shekara 20 mai cajin waya. Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa. Tun rasuwar Mama ni na riƙe shi, ni na biya masa kuɗin jarrabawa har sau biyu, da adashina na saya masa janareto, har maigidana yana min gori a kai. Ranar Lahadi an karɓi abinci, ranar Litinin aka ce an wuce da su, ba a faɗi ina ba. Wani da ya ce ya san na ciki ya karɓi dubu 80, yanzu wayarsa ba ta shiga. Wasu sun ce in ɗauki lauya, wasu sun ce lauya fusata su zai yi. Ya zan yi?

Lauyan Talaka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki ƙara ba kowa ko sisi. Kama mutum a madadin wanda ake nema haramun ne: sashe na 7 na dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya hana, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana, ita kuwa ta hau kan kowane ɗan sanda a ƙasar nan. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, cikin Kaduna kuwa babu inda bai shiga wannan ba. Amma ga inda mutane ke tuntuɓe: wannan wa'adin ba ya aiki a kan wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, muddin zargin na da tushe. Shi ya sa abin da aka rubuta a kansa a littafin caji ofis ya fi komai muhimmanci yanzu. Gobe da safe lauya ya je wurin DPO, shugaban caji ofis ɗin, da wasiƙa, a buga hatimin karɓa a kwafinku, ya nemi abu uku: inda yaron yake, sunan jami'in da ke riƙe da fayil, da laifin da aka rubuta. Maganar kisa CID ta jiha take komawa, wato sashen binciken manyan laifuka na 'yan sanda, can zai bi. Ki kuma gaya min, me ya sa suke neman babban, kuma yana ina?

Tsohon Sufeto:
Barista, doka kam ka faɗa daidai, amma ka san yadda ofis ke zama in an kashe na ciki kuma bindiga ta fita. Bindigar nan na da lamba, an sa hannu a kanta a ma'ajiyar makamai, DPO ba ya barci sai ya ba da bayaninta a sama. Duk kwanan da ta ƙara a waje, wani ɗan kasuwa ko fasinja ne za a tare da ita. Don haka ake kwasar mutane da yawa a fara tacewa. 'Yata, a matakin tacewa ake cin nasara. Ku ɗauki mai unguwa da limamin layinku, ku tafi da shaidar inda yaron yake a daren: littafin da yake rubuta lambobin wayoyin caji, mutum biyu da suka karɓi wayarsu a hannunsa a lokacin, da katinsa na ɗan ƙasa. Ku nemi ganin DPO da kansa, ba jami'in da ke zaune a kanta ba. In kun fara da takardar lauya, sai kowa ya kame, a ce to a haɗu a kotu.

Lauyan Talaka:
Ranka ya daɗe, tacewar ta wuce, tun Litinin an ɗauke shi daga nan. Mai unguwa ba ya shiga ɗakin ɗaukar bayani, nan kuwa ake halaka yaro. Ana rubuta takarda da Turanci a ce ya dangwala, sai shekara ta zagayo a karanta masa a kotu. Doka ta tanadi a ɗauki bayanin amsa laifi a bidiyo ko a gaban lauyansa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta sa ɗaurin da ya kai shekara 25 a kan jami'in da ya azabtar, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 kuma ya ce kotu ta yi watsi da amsa laifin da aka samu ta tilas. Sai dai tabbatar da tilas ɗin wata ƙaramar shari'a ce a cikin shari'a, tabon duka kuwa ya warke kafin nan. Hana dangwalawar ya fi sauƙi sau goma.

Maman Ilham:
Ni abin da ke ƙona min rai 'yan rahoton nan na cikin unguwa. Mutum na da gaba da kai a kan fili ko budurwa, yana jin an yi kisa sai ya kai sunanka. Su 'yan sara-sukan da kowa ya sani da rana tsaka suke shan ƙwaya a bakin kwata, samame na zuwa ba ka ganin ko ɗaya, sai mai shayi da mai caji.

Abban Sadik:
To Hajiya wa ke ɓoye su? Mu ne. Kowa ya san gidan da ake ajiye makami, in an tambaya sai a ce ba mu gani ba. Marigayin nan shi ma yana da mata da 'ya'ya, ban ji wanda ya tambayi wa zai riƙe su ba. Sannan a ce kar a yi kame.

Uwar Biyu:
Na gode. Barista, babban yana wurin dangi a wajen gari, ni na ce ya tafi tun daren. Ba wai ya yi wani abu ba ne, ya dai ɗauki fasinja ta wajen a ranar. Ku da kuna wurina za ku miƙa shi a irin wannan zafin? Kuɗin kuma ba wauta na yi ba, mutumin ya taɓa fito da ɗan maƙwabtanmu.

Lauyan Talaka:
Hajiya, wannan bayanin ya sauya lissafi. Tafiyarsa a daren ita za su kira tushen zargi, kuma ɓoye wanda ake nema laifi ne mai zaman kansa da zai iya hawa kanki. Kar ku goge komai a wayarsa, kamfanin layi na da bayanan kira da wurin da waya take, gogewar ce za ta zama abin tambaya. Hanyar ita ce lauya ya zauna da shi tukuna, ya ji wa ya ɗauka, daga ina zuwa ina, ƙarfe nawa. Sannan ya rubuta wa kwamishinan 'yan sanda cewa zai gabatar da shi rana kaza, ya kai shi da rana, da ƙafarsa, a ɗauki hotonsa lafiya lau kafin shiga. A lokaci guda a shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu a kan tsare ƙaramin, bisa ƙa'idojin 2009. Ke ma za ki iya yin takardar rantsuwar a madadinsa tunda yana tsare. Ku gaggauta, don in aka kai shi gaban majistare da tuhumar kisa, majistare ba shi da hurumin shari'ar balle beli, gidan gyaran hali zai tura shi a jira shawarar daraktan gabatar da ƙararraki na ma'aikatar shari'a. A dokar tarayya umarnin tsarewar kwana 14 ne a karon farko, amma fayil in ya kwanta sai an bi shi da ƙafa. In babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a na da ofis a Kaduna, haka ma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ku kai koke a rubuce ku riƙe kwafi.

Tsohon Sufeto:
Kawo babban kam na yarda, shi ne mabuɗin. Ƙarar ce ban yarda a shigar yanzu ba. Ana kai musu sammaci za su garzaya da ƙaramin gaban majistare don su halatta tsarewar, abin da kake gudu shi za ka jawo.

Lauyan Talaka:
Suna iya yi ko ba ƙara, Baba. Da ƙara dai akwai alƙalin da ya san sunan yaron.

Uwar Biyu:
Ni fa ba zan fito da ɗaya in cusa ɗaya ba. Wa zai ba ni tabbacin za su saki ƙaramin in an kawo babban? Babanmu ya ce a bari zuwa Juma'a, mai unguwa ya yi alkawarin magana da wani. Mutumin dubu 80 ɗin ma ya turo saƙo yanzu, wai a ƙaro 50.

Abban Sadik:
Wai fasinjan da ya ɗauka a daren, ya san su?