Ƙafafun ƙanena sun mutu, likita na zargin Behçet: Sakkwato ko Shika?

Yayan Bashir, Jega: Salamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 27 ya daɗe yana fama da gyambon baki mai tafiya ya dawo, ga jan ido. Makon jiya ƙafafunsa suka yi nauyi, fitsari ya tsaya sai da aka sa masa roba. Likita ya ce yana zargin cutar Behçet, mai kumbura jijiyoyin jini, ita ce ta taɓa laka. Ya ce a yi MRI, wato hoton cikin jiki da ke nuna laka, a kuma tabbatar ba tibin ƙashin baya ba ne kafin a fara allurar steroid mai rage kumburi, don tana iya tayar da tibi. Ina za mu kai shi, asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika da ke Zariya? Kuɗin shinkafar bana kawai ke hannunmu.

Ɗan Argungu: Akwai mai ɗori a Kamba, Allah ya ba shi sa'a.

Maman Husna: Malam, an ce laka, kai kana maganar karaya! Mijina haka ya fara. Dangi suka ce sammu ne, aka yi ta turare da rubutu wata biyu. Da muka isa asibiti likita ya ce da mun zo a makon farko, da allurar kwana biyar ta iya ceto ƙafafun. Yanzu ni ke juya shi cikin dare don kada bayansa ya yi gyambo. Masu cewa sammu ko leƙowa ba sa yi.

Yayan Bashir: Allah ya ba shi lafiya, Yaya. Nawa kuka biya MRI?

Maman Husna: Dubu 60, amma an jima.

Nura Yauri: Wace 60? Ni 150 na biya da ruwan allurar da ake sawa.

Nas Hauwa: Kada ku tsaya ciniki, a wannan ciwon kwana guda ma asara ce. Bayan steroid akwai ƙwayar azathioprine mai danne garkuwar jiki, ana shan ta tsawon lokaci tare da gwajin jini.

Ɗan Argungu: Nas ce ke ko likita?

Nura Yauri: Kai da ka kawo mai ɗori fa? Profesan Kamba!

Alhaji Tsafe: Shika kam likitoci na nan, amma ta Gusau da Funtuwa za ka bi da marar lafiya a kwance? Ni bayan la'asar ba na shiga hanyar nan.

Nura Yauri: Ga direbobi, da sun ga mutum kwance sai kuɗin mota ya ninka. Har kujerar da ya miƙe ƙafa a kai sai ka biya.